Safar Hannu ta Shida

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Velta Krumina ba ya manta hannunta. Ko a tsakiyar Yuli ne, rana na dukan rufin kwano, in ta miƙo maka shi sai ka ji kamar ka kama kifin da aka tsamo yanzu. Likitoci sun ce jini ne ba ya zagayawa. Tsofaffin ƙauyenmu ba su ce komai ba, don sun san ranar da abin ya fara, kuma Velta ba matar da ake gaya wa gaskiya ido da ido ba ce.

Shekarunta saba'in da tara. Talatin daga ciki ta yi su tana tatsar shanun gonar gwamnati. Ta binne miji, ta aurar da 'ya. Amma in aka ce Velta, saƙa ake nufi. Safar hannu irin tamu take yi, ta ulu, aljihu ɗaya na yatsu huɗu, sai ɗan gidan babban yatsa shi kaɗai a gefe. Ba ta taɓa auna hannun kowa ba. Kallo ɗaya take yi wa hannu ta haddace shi, kuma tana taƙama da hakan har abin ya ishi mutane.

A wajenmu ba a kai mutum kabari a sallami masu ɗaukarsa haka nan. Hannu tsirara suke zuwa, dangin mamaci su ba kowannensu sabuwar safa a bakin ƙofa kafin a ɗaga akwatin gawar. Tsofaffi kan ce wanda bai karɓi tasa ba, bai sauke gawar ba tukuna, tana nan a kafaɗarsa. Rabin mamatan ƙauyen nan da safar Velta aka ɗauke su. Nata ɗan ne kaɗai aka ɗauka babu.

Agris sunansa, shekararsa goma sha tara. A watan Janairun 1988 su bakwai suka tafi kamun kifi a kan ƙanƙarar tafki, shida suka dawo. An gaya mata cewa da ƙanƙarar ta buɗe, amininsa Uldis ya kama hannunsa. Iyakar abin da kunnenta ya ɗauka ke nan: ya kama, ya saki. Ranar binnewa samarin nan shida suka tsaya a ƙofarta cikin sanyin da ke tsaga itace. Akwatinta cike yake da safa, ta kulle shi ta jefa mabuɗin a aljihu. Da ƙanwar mijinta ta roƙe ta, sai ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Hannun da ya iya saki ai ba ya jin sanyi." Ko ɗaga ido ba ta yi ta dubi ɗayansu ba. Haka suka ɗauke shi. Daga maƙabartar ta dawo da sanyin hannun nan. Uldis ya bar gari a makon. Uwarsa ta zo sau biyu tana buga ƙofa, Velta ba ta buɗe ba.

Hali zanen dutse, da sai ta mutu a haka. Amma a farkon shekarar nan likitan ido a garin Talsi ya gaya mata cewa kafin wani sanyin ya shigo ba za ta ƙara ganin zare a kan allura ba. Ta dawo gida ta zauna ta yi lissafin abin da ya rage mata. Idan idon ya tafi ba ta saƙa safar nan shida ba, Agris zai ci gaba da rataya a kafaɗun mutane, ba wanda ya sauke shi. Wannan ne ya tsorata ta, ba makantar ba.

Kowane watan Yuli surukinta Modris kan loda iyalinsa a tsohuwar motarsa, da tanti biyu da tukunya, su yi kwana goma suna yawon bakin teku. Shekara ashirin yana gayyatar Velta, tana cewa ita ba akuya ba ce da za ta kwana a ciyawa. Bana ta fito da kwandon zarenta tun kafin ya tada mota, ta miƙa masa takarda mai sunayen wurare shida.

"Mama, wannan ai ba hanyar teku ba ce," in ji Modris. "Biyu ma maƙabarta ne."

"To, sai aka yi yaya? Mamatan za su cinye maka man mota ne?"

'Yarta Gundega, matar Modris, ta karɓi takardar ta karanta. Tana da shekara goma sha biyu lokacin da aka binne yayanta, kuma ta gane sunayen. Jikar Velta, Lelde, 'yar jami'a, ita ce ta gyara wa tsohuwar wuri a baya.

"Kaka, yau kuma? Wa zai tsare mana gidan?"

"Matsa can, marar kunya. Wannan abin da kike saƙawa hula ce ko buhun dankali?"

"Hula ce mana!"

"Allah ya ji ƙan mai kan."

Motar ta zama ɗakin saƙa. Gundega na fama da rigar sanyin da ta fara wa Modris shekara uku da suka wuce, wadda tumbinsa ya riga ya tsere wa. Lelde na kwance hularta tana sakewa. Velta ta gama safa uku tun a gida, saura uku, ga ido ya yi rauni. Sai ta kai saƙar dab da hancinta, ta juya wajen taga. Da can kwana biyu take gama ɗaya da 'yar'uwarta. Yanzu takan yi layi biyar ta kwance biyu, tana zagin zaren kamar shi ya yi laifi.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne ƙarar alluran. Shekara sittin tana jin ƙas-ƙas ɗinsu ba ta taɓa kula ba. A motar nan, in mutum uku suna saƙa lokaci ɗaya, sai ta ji kamar ƙanƙara ce ke ƙara ƙarƙashin ƙafa kafin ta buɗe. Duk inda suka kafa tanti kuma, in ta jera kofunan shayi a kan bargo, biyar take jerawa, alhali su huɗu ne. Ranar farko Lelde ta yi dariya ta ce ko Kaka ta yi saurayi a ɓoye. Rana ta uku ba ta yi dariya ba, ta ɗauke na biyar ɗin a hankali ta mayar kwando.

Na farko da na biyu sun riga mu gidan gaskiya. Velta ta ɗora wa kowanne tasa a kan dutsen kabari, ta danne da tsakuwa saboda iska. Na uku yana ƙasar Ireland yana aikin gini, ƙanwarsa ta karɓa tana juya safar kamar an ba ta abin tsoro. Na huɗu sun same shi a garin Ventspils bayan wani kanti, giya ta gama da shi. Bai gane ta ba, ya tambaya ko za ta ƙara masa da na sigari. Na biyar, wanda ya zama direban motar katako, yana ganinta ya cire hula. Da ta miƙa masa, sai ƙaton mutum mai jikoki ya zauna a dakalin gidansa ya rufe fuska da safar ya yi ta kuka. Safar ta yi masa daidai, kamar an auna. Velta ta ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Saura ta Uldis. Ita ta bari a ƙarshe, ita ta fi ba ta wuya. Baƙi da ja ta zaɓa. A sansanin da suka yi kwana biyu kusa da garin Kolka, tana zaune a kujerar naɗi tana saƙa gidan babban yatsa na dama, Gundega ta zo ta tsuguna kusa da ita.

"Mama, game da Uldis, akwai abin da ya kamata ki sani kafin mu je."

"Na tambaye ki?"

"Ba ki tambaya ba, amma hannunsa..."

"Hannunsa na san shi tun yana satar mini tuffa. Ke za ki koya mini hannun Uldis? Je ki duba dankalinki yana ƙonewa."

Gundega ta tashi. Shekara talatin da shida ke nan duk wanda ya ɗauko zancen nan haka ake sallamarsa.

Rana ta tara suka isa. Ashe Uldis bai yi nisa ba. Yana can ɗaya gaɓar tafkin nan dai, inda in gari ya yi haske ana hango hasumiyar cocinmu. Da zafi yana ba da hayar kwalekwale. Da sanyi, in ji matar da ta nuna musu hanya, kullum da safe sai ya fita ya auna kaurin ƙanƙara, ya kori yara in bai yarda da ita ba, kuma ba wanda ya sa shi.

Sun tarar da shi yana shafa wa wani kwalekwale kwalta, ya yi furfura fat. Velta ta ce kowa ya zauna a mota. Ta sauka ita kaɗai, kwandon a hannu, tana lalubar hanya da ƙafa. Ya miƙe ya dube ta, hannunsa na dama a aljihun wando.

"Inna Velta."

"Ka tsufa."

"Ke ma ba ki koma yarinya ba."

Ba ta iya doguwar magana ba, ba ta kuma zo neman gafara ba, a ganinta. Ta zo sauke ɗanta ne. Ta ciro safar ta miƙa.

"Taka ce. Ta makara."

Ya karɓa da hagu. Ya daɗe yana kallon adon.

"Sa mana in gani," in ji ta. "Ban taɓa kuskure ba, amma idon ya fara cin amanata."

Ya sa ta hagu da taimakon haƙora, ta zauna cif. Sannan ya zaro na dama daga aljihu ya tura. Velta ta matso da fuskarta, yadda take yi wa saƙa. Gidan babban yatsan ya lanƙwashe, ya rataya ba komai a ciki. Ta kai hannu ta matsa. Ulu ne kawai. Ta matsa saman safar, nan ma rabi fanko. Ta zare ta da kanta. Yatsu biyu ne suka rage a hannun, na ƙarshe da mai bi masa, sauran wurin fata ce a ɗinke, ta yi fari don tsufa.

"Injin yanka katako ne?" ta tambaya, ko da yake ta riga ta sani.

"A'a, Inna. Sanyin ruwan nan ne." Ya nuna tafkin da haɓa. "Ina kwance a kan ƙanƙara, hannuna a ciki har kafaɗa, sauran sun tafi neman igiya. An ce na yi kusan rabin awa. Ni dai ban san lokacin da Agris ya tafi ba. Da suka ja ni baya, hannun na nan a dunƙule, na ɗauka yana ciki. Ina ta ce musu ku ja a hankali, ga shi nan na riƙe."

Velta ta ƙura wa yatsun biyu ido.

"Likita ya ce in an kiyaye shi da ɗumi wataƙila a ceci babban yatsan. Aka ce kar in fita. To wa zai ɗauki Agris? Na naɗe shi da tsumma na zo. Sanyin ranar ne ya ƙarasa shi." Ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Na ce ai Inna za ta ba mu safa."

Da na sani ƙeya ce. Ta zauna a kan kwalekwalen da ke kife, kwalta ta kama mata siket ba ta kula ba. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Abin da ta iya kaɗai shi ta yi. Ta laluba kwando ta ciro almakashi da allura, ta yanke kan gidan yatsan da ta ɓata yini guda a kansa, ta warware shi har gindi. Idon ya cika da ruwa, ba ta ganin komai, da yatsu ta kamo madaukan zaren ɗaya bayan ɗaya ta rufe ramin. Ta rage tsawon saman. Uldis na tsaye, bai ce ta bari ba, bai ce ta yi sauri ba.

Da ta gama ta kama hannun da nata biyun, abin da ba ta yi wa kowa ba a rayuwarta, ta auna shi, sannan ta sa masa.

"Hannunki da sanyi, Inna."

"Na sani."

"To, na karɓa," in ji shi. "Na sauke shi."

A mota ba wanda ya ɗauki saƙa. Modris ya tada inji a hankali kamar mai tsoron tada barci. Hanyar ta gangara ta bi gefen ruwa, Velta ta juya tana kallo ta gilashin baya. Uldis na tsaye a bakin tafkin cikin zafin Yuli da safar ulu a hannu, ya ɗaga na dama. Dogayen ciyayin bakin ruwa suka shiga tsakani, suka rufe ƙafafunsa, suka rufe ƙirjinsa, suka rufe kansa. Sai hannun kaɗai ya rage a sama, baƙi da ja, bayansa ruwa shimfiɗe fari fat.

"Mama, in tsaya ne?" in ji Modris.

"Tafi dai," ta ce. "Amma a hankali. Ina kallo."

Ba ta juyo ba har hannun ya nutse a cikin ciyayin.