Layi na Talatin da Ɗaya

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, mijinki ya kira ni a waya ya ce kin cika. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Bakina ya faɗi haka, sannan na zauna a kan matakalar ofis. Ranar Lahadi aka kai ki asibiti da ciwon kai. Kwana biyu kacal, Yaya.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma shekara tara teburina yana jingine da naki, kuma ban taɓa kiran ki da wani suna ba sai Yaya. Ina rubuta wannan ta'aziyya da nauyi a wuyana. Aikin da kika shafe wata goma sha huɗu kina yi yana hannuna, saura layi ɗaya a cike. Idan Juma'ar nan ta wuce ba a karɓe shi ba, ya bi ki ke nan.

Bari in yi wa waɗanda ba sana'arsu ba bayani, don su san abin da muka rasa. A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhajar da ke raba wa sauran manhajoji wurin aiki a memori, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Tana yanka wurin ƙanana-ƙanana, ana kiran su shafuka. Idan aiki ya yi nauyi sai ta ba da manyan shafuka, don kada na'ura ta riƙa jan ƙafa. Manhajar tana ƙirga komai: manyan shafuka nawa aka nema, nawa aka samu, nawa aka rasa, nawa aka farfasa. Lambobi talatin da ɗaya ne, kowace da ɗan guntun suna, babu bayani ko na kalma ɗaya. Mutane a ko'ina suna kallon su suna ta kame-kame. Ke ce kika ce wannan abin kunya ne, kika ɗauki rubuta ma'anar kowace lamba, aikin da kowa yake gudu saboda ba a yi wa mai yin sa tafi.

A ofis Ka-gwada muke kiran ki a bayan idonki, kuma kin sani. Duk wanda ya kawo miki magana, kafin ya rufe baki kin tambaye shi, "Ka gwada, ko dai ji ka yi?" Ba ki taɓa rubuta layi ɗaya ba sai kin shiga ɗakin injuna da tsohuwar rigar sanyinki mai yagaggen aljihu, kin matsa wa na'urar gwaji lamba, kin ga lambar ta motsa da idonki. Akwai wadda ta ci miki sati shida. Da kika gama, bayaninta jimla biyu ne, kika saya wa ofis duka biskit kamar wadda aka yi wa ƙarin girma.

Ba zan manta da shekarata ta farko ba, lokacin da na aika wani bayani gaban dubban masu wannan aiki, ashe na juya shi baibai. Kafin kowa ya ankara kin turo gyara, kika rubuta cewa tare muka gano kuskuren. Da na zo godiya kika ce, "Tafi can, sarkin sauri. Gobe ka gwada kafin ka kunyata mu." Haka kuma wani ma'aikacin asibiti da ba ki taɓa gani ba ya rubuto yana kuka, na'urar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya tana tsayawa kullum da tsakar rana. Kika ajiye abincinki, kika bi lambobin nan da shi ɗaya bayan ɗaya har kuka kamo inda matsalar take. Ko sunansa ba ki riƙe ba.

To ga inda na ci amanarki. A ƙa'idar wannan aiki, ba a karɓar rubutu sai wani ya karanta, ya gwada, ya sa sunansa a ƙasa cewa ya shaida. Ni kika zaɓa. Sati uku kafin rasuwarki kika turo mini layi talatin cikakku, na talatin da ɗaya kuwa fayau. Lambar da ke ƙirga manyan shafukan da aka farfasa ce. Kika leƙo ta saman teburi kika ce, "Ƙanena, wannan ba abin da kowa yake zato take ƙirgawa ba. Ba ni minti ashirin a ɗakin injuna in nuna maka, in ka gani sai in rubuta."

Na ce gobe. Washegari na ce bayan taro. Sau huɗu kina tambaya, a na ƙarshe har kika yi dariya kika ce, "Goben nan taka ta fi ni tsufa." Wallahi babu abin da nake yi da ya kai wannan. Ganin kina nan kullum ne ya rufe mini ido.

Yanzu dattijon da ke kula da wannan sashe na babbar manhajar, mai karɓar irin wannan rubutu, ya rubuto. Ya yi mana ta'aziyya mai daɗi, sannan ya faɗi gaskiya: ranar Juma'a zai rufe karɓa, bayan nan za a sake fasalin sashen, a canza wa lambobin suna. Idan bayaninki yana ciki, duk mai canji dole ya gyara shi ya tafi da shi, da sunanki a sama. Idan yana waje, cikin wata biyu ya zama tsohon zance, wani ya fara daga farko. Kuma bai saba karɓar abin da ba a kammala ba.

Kwana shida ke nan ina ɗakin injuna, Yaya. Na matsa wa na'urar ta kowace fuska. Lambar tana hawa, ina kallo, amma abin da kika gani ya ƙi bayyana mini. Na tambayi kowa a ofis, babu wanda kika gaya wa. Na je gidanki, mijinki ya ɗauko mini littafin da kike rubutu a ciki, ya zauna gefena a falo ina buɗawa. A shafin ƙarshe na ga sunan lambar, an ja masa layi biyu, a ƙasa kin rubuta: "Na gano. In nuna masa." Babu ƙari.

Wani abokin aiki ya ce in rubuta abin da kowa ya ɗauka, in sa hannu, wa zai sani? Na buga jimlar, na zauna ina kallon ta a ƙarƙashin sunanki, na goge. Ba zan sa ki faɗi abin da kika ce ba haka ba ne, ranar da ba ki da bakin musantawa. Saboda haka nake roƙo, don girman Allah: duk wanda ta taɓa yi wa zancen wannan lamba, a waya ko a saƙo ko a bakin ƙofa, ko da rabin jimla ce, ya neme ni kafin Juma'a. In ba a samu ba, zan aika da layin a buɗe, in rubuta dalili da sunana, in roƙi dattijon ya karɓa haka. Ban san abin da zai ce ba.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa. Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka karɓi haƙurin da ta yi da mu, Ka sa abin da ta koyar ya zama mai gudana a gare ta. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarta, da 'ya'yanta mata biyu, da ƙannenta, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi.

Kai kuma maigidanta, akwai abin da zan mayar maka. Da ka rako ni bakin ƙofa, ka tambaye ni ko aikin da ya hana ta hutun Asabar fiye da shekara ya shiga, don ka gaya wa yaran. Na ce maka ana kan dubawa. Ban iya kallon ka ba ne. Babu wanda yake dubawa. Ni ne "masa" ɗin da ke cikin littafin, minti ashirin ta roƙe ni, na hana ta. Ka yafe mini idan za ka iya, ita dai na makara.

Allah Ya sa Aljanna ce makomarki, Yaya. Amin.