Abin da Na Ɗauko daga Yasore

A kasuwar Batsari na fara ganinta, a bayan kwalin wani kaset da rana ta cinye: mace da tulu a ƙugu, tana duban hanya, hawaye ya tsaya mata a kunci. Tsohon fim ɗin Indiya ne, baƙi da fari, irin wanda masu kallo a waya ba sa waiwaya. Mai shimfiɗar kaset ɗin ya ce ba mai so. Na ce ni ina so.

Daga nan na shiga nema. Safana, Tsaskiya, duk inda na ji an rufe tsohon gidan kallo sai na je. Ba na jin Indiyanci, amma na san mace mai jira in na gan ta, na sha karanta irinta a littattafan soyayya. Na tara goma sha ɗaya. Don gudun gara da bakin mutane, na ɓoye su cikin kwallayen jerena, waɗanda gwaggona, ƙanwar babana, ta yi shekaru tana tara mini kafin aurena.

Ranar da muka bar garinmu Yasore saboda 'yan bindiga, mai babur ya ce kowa ƙunshi ɗaya. Na buɗe kwallayen, na juye kaset ɗin a zani na ɗaure. Kwallayen na bar su a jere.

Da muka sauka Batsari, Gwaggo ta kwance ƙunshin tana neman abin zuba tuwo.

"Ke 'yar nan, wannan za mu ci?"

"Kwalla akwai ta a kasuwa, Gwaggo. Waɗannan in sun ƙone, shi ke nan."

"To, a dama miki su da nono."

Wata uku ba ta amsa gaisuwata ba. Matan gidan da muka sauka suka riƙa kirana uwar Indiyawa. Ban ba da haƙuri ba, har yau kuma ban ga laifina ba. An raba ni da ɗaki da gona ba a tambaye ni ba. Wannan ƙunshin ni na zaɓa.

Yanzu idon Gwaggo ya tafi. Bayan la'asar takan laluɓo tabarmata, in kunna tsohon bidiyon da na samo, ina faɗa mata abin da ke faruwa. In an zo kan mai tulu sai ta gyara zama ta ce, "Har yanzu bai dawo ba, ɗan banza?" Zancen kwalla kuwa ba ta fasa ba.