Wuƙar Maman Salim

"Waccan tsohuwar ba Bafaranshiya ba ce?"

"'Yar Rasha ce, kai."

"To ai tamu ce. Me ya sa ba a gaya mana ba tun bara?"

"Bara ba kai ne ka yi mata ihu ta koma gida ba?"

"Ai kuwa ta koma. Ga gidan can bayan famfo."

Samarin fada ne ke wannan hira kan shayi, ita kuwa tana wucewa da ledar cefane, ta ji komai.

Sunanta Galina, amma a unguwar Banifandu ba mai kiranta haka, Maman Salim ce. A 1987 ta iso Yamai tare da mijinta Idrisa, ɗan Maraɗi da ya je ƙasarsu karatun aikin gona. Farkon zuwanta, duk suna ko biki sai a ba ta kujera a inuwa, a ce Anasara kada ta wahala. Shekara shida tana kan kujerar nan. Ranar da Zeinabu, maƙwabciyarta mai kula da tukwanen taro, ta miƙa mata wuƙa da daron albasa, ranar ta san ta zama 'yar unguwa. Tun daga nan albasa aikinta ne. Takan tsoma wuƙa cikin ruwan sanyi kamar yadda uwarta ke yi, shi ya sa ba ta hawaye. Idrisa ya rasu, Salim yana aiki a Tawa, ita tana nan.

Da gari ya rikice a 2023, ana ihun Faransawa su koma gida, wata biyu ba ta fita ba, Zeinabu ke yi mata kasuwa. Sai iska ta juya wajen Rasha, wanda ya yi mata ihu ya koma cire mata hula.

Ranar sunan ɗiyar Hamisu tela, tana shiga da wuƙarta a naɗe cikin zane aka tare ta, aka kai ta ƙarƙashin rumfa, kan kujera mai hannu, gefen manya. Wani ya yafa mata tutar Rasha, portabul ta ko'ina ana ɗaukarta foto.

"Mama, ki ce wani abu da Rashanci."

"Mama, yaya labarin yaƙin? Kuna cin nasara ko?"

"Ɗana," ta ce, "rabona da can tun jana'izar uwata. Jikan ƙanwata suka ɗauka soja, shi ya sa na daina kunna tele. Kai ka fi ni labari."

Suka yi dariya, sun zaci wasa ne. Daga can wajen girki tana jin ƙarar turmi da muryar Zeinabu tana faɗa da wata kan gishiri. Ta ninke tutar a hankali, ta miƙa wa Hamisu, ta yaba ɗinkin, ta zagaya.

Zeinabu ta ɗago daga murhu, ta dube ta sama da ƙasa, ta gaishe ta da Zabarmanci.

"Fofo, Madam Ambasada. An gama foto?"

"An gama. Wa ya yanka wannan albasa kamar itacen wuta?"

"Iklima ce. Ga ta can tana kuka tun safe."

Maman Salim ta kwance wuƙarta, ta tattare zane, ta zauna kan turmin da aka kife.

"Iklima, 'yata, je ki wanke ido. Ki turo min daron nan, ki kawo min ruwan sanyi a kwano."