Haramcin Tarwaɗa a Gidanmu

Ni 'yar masunta ce. A bakin kogin Haɗeja na tashi, kuma ko bayan da aure ya kawo ni cikin gari, Inna ba ta fasa aiko mini da bandar tarwaɗa duk ranar kasuwa ba. Maigidana kuwa, wanda malamin sakandare ne, idan na yi miyar kifi har ƙashin kai yake tsotsewa.

Wata ranar Asabar da hantsi ya shigo tsakar gida riƙe da waya, fuska a murtuke. Ya ce daga yau an daina cin tarwaɗa a gidan nan. Na ɗauka wasa yake, sai ya karanta mini saƙon da aka turo a guruf ɗinsu na tsofaffin ɗalibai: wai masana sun gano kitsen tarwaɗa yana toshe jijiyar zuciya, duk mai son 'yan'uwansa ya tura gaba. A saman saƙon akwai hoton wani mutum mai farar riga, ya rataya abin awon ƙirji a wuya.

Na ce, "Malam, su wane ne masanan?"

Ya ce masana dai, na ƙasar waje.

Ban yi gardama ba. Na raba tukunya biyu: shi miyar kuka ba ko ƙaya, ni da yara kuma da tamu. Ya ce ai dokar ta shafi kowa, na ce kifin Inna ba zai lalace ina kallo ba, idan ya ƙare sai mu shiga dokar. Na san ba zai ƙare ba, don wani na tafe. Haka yake cin tuwonsa a kan tabarma yana juya mana baya, amma hancinsa ba ya juyawa.

Labari ya kai wa Inna ta bakin direban da ke kawo saƙon. Ta kira ni tana dariya, ta ce in tambayi surukinta ko masanan nan sun taɓa ganin tarwaɗar kogi da idonsu. Da na isar masa, maganar ta ɗan sosa shi. Mutum ne da ba ya yarda ɗalibi ya ba shi amsa ba hujja, sai ga shi an tambaye shi tasa ya rasa.

Ya koma guruf ya nemi wanda ya turo ya faɗi inda aka yi binciken, da wa ya yi, da kuma ko a kan mutane aka gwada. Mutumin ya ce shi ma surukinsa na Jahun ne ya turo masa. Malam bai haƙura ba, ya karɓi lamba ya kira. Na Jahun ya ce a guruf ɗin dillalan shanu na Kafin Hausa ya gani. Wani abokinsu ya rubuta cewa yawan tambaya ba shi da amfani, rigakafi kawai ake yi. Daga nan sai muka danna shuɗin rubutun da ke ƙasan saƙon, wanda ba mu taɓa kula da shi ba. Ya buɗe mana shafin masu sayar da wani shayi na wanke jijiya. Babu sunan jami'a, babu na likita, sai lambar da za a kira a yi oda.

Duk da haka Malam ya ce a dai yi hattara. Abin da ya karya shi ya zo ne ta wayata. A guruf ɗinmu na matan unguwa aka turo cewa masana sun gano tarwaɗa tana maganin hawan jini. Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauko tasa ya jera su. Mutumin nan ne mai farar riga, da murmushinsa iri ɗaya.

"To wannan bawan Allah," in ji Malam, "wace maganar tasa za mu ɗauka?"

Ranar Litinin ya tafi asibiti da kansa. Wata likita ta auna shi, ta ce jininsa ya ɗan hau. Ta ce kifi ba laifi, musamman dafaffe ko gasasshe, amma ya rage gishiri da ɗanɗanon dunƙule, ya kuma riƙa barin babur yana taka ƙafa zuwa makaranta. Ya dawo yana murna da rabin farko na maganar, ni kuma na riƙe rabin ƙarshe.

Da yamma na yi miyar tarwaɗa, gishiri kaɗan. Ya ci ya ƙara, sannan ya tambaya a hankali ko ba za a ɗan barbaɗa ba. Na ce ya kawo mini sunan masanin da ya yarda. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa.

Washegari ya fita da ƙafa. Daga baya maƙwabciyata ta ba ni labarin ta gan shi a bakin titi yana tsayar da a-daidaita-sahu.