Koren Tuntun da Tambarinsu Ya Rufe

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya same ni, ni matashi ne ɗan acaba a Karofi, kullum da littafin soyayya a aljihun baya. In babu fasinja sai in kishingiɗa a kan babur ƙarƙashin dalbejiya in yi ta karatu, har na yarda cewa masoyin gaskiya ba ya faɗin sunansa. Alama yake bari, ranar da Allah ya nufa a gane shi.

Akwai wata budurwa 'yar Kurfi mai ɗinkin hula da nake ɗauka duk ranar kasuwar Dutsin-Ma. Wata rana ta murɗa ragowar koren zare ta yi ɗan tuntu, ta ɗaura mini a madubin babur, wai don ta riƙa gane ni daga nesa, tunda mu 'yan acaba duk kamarmu ɗaya. Ita wasa take yi, ni kuwa na kasa cin abinci ranar. Bakina bai iya furta mata komai ba, sai na koma ga wayata. Da sassafe nakan tafi madatsar ruwa ta Zobe in ɗauki bidiyon ruwa yana hayaƙi kamar an ɗora shi a murhu, masunta na jefa raga, balbelu na sauka cikin albasar 'yan noman rani. Wani lokaci in bi hanyar Barkiya in ɗauki shanu suna ratsa gero. Ba na magana a ciki, ban kuma sa sunana a shafin intanet da nake ɗora su ba. Sai dai kullum nakan ajiye babur yadda madubin zai fito a kusurwar ƙasa, tuntun yana kaɗawa. Ina mafarkin ranar da za ta gani, ta gane zarenta.

Ba a daɗe ba wani babban shafin intanet mai tattara bidiyoyin mutane ya fara kwashe nawa. Sun ɗora kiɗa a kan ƙarar ruwa, sun jera tallar caca a ƙasa, suna cin riba. Wallahi murna na yi, ina cewa yanzu saƙona zai fi saurin isa Kurfi. Ban tanka musu ba. Da wayata ta cika ma, sai na goge na ainihin, tunda ga su a shafina. Wata safiya na tashi na tarar an rufe shafina. Ashe su ne suka kai ƙara cewa ni ke satar kayansu.

Ina cikin wannan jimami budurwar nan ta hau babur ɗina ranar kasuwa, ta miƙo mini wayarta ta kafaɗata, ta ce Malam in tsaya in ga abin mamaki. Zobe ce, ɗaukata ce, ranar da wani masunci ya tsaya yana alwala a bakin kwalekwale. Ta ce duk wanda ya ɗauki wannan yana da zuciya mai taushi, ita da za ta san shi da ta ɗinka masa hula kyauta. Na ce ta dubi kusurwar ƙasa. Muka duba tare. Tambarinsu ne zaune a wurin, jajawur, ya rufe madubin da tuntun gaba ɗaya.

Na ce mata ni ne. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ashe acaba har da tatsuniya ake haɗawa. Da na rantse, sai ta nemi in nuna mata a wayata. Babu komai. Fuskarta ta canza. Ta ce in akwai abin da ta tsana, to mutum ya ɗauki aikin hannun wani ya ce nasa ne, domin haka dillalai ke yi wa hulunanta a birni, ita ta tsiyayar da idonta, su su karɓi yabo. Ta sauka kafin mu kai kasuwa. Daga ranar wani ne ke ɗaukarta.

Na kai wayar wurin wani mai gyara, ɗan kudu da ya daɗe a garinmu. Ya yi iya ƙoƙarinsa, bai dawo da ko ɗaya ba. Ya ce aboki, da na ainihin na nan da an ɗaukaka ƙara, kuma da na yi magana tun ranar farko, da su za a rufe, ba ni ba.

'Yan'uwa masu ɗaukar bidiyo, ku ji daga gare ni. Ku sa sunanku a inda ba za a iya yankewa ko rufewa ba. Ku adana na ainihin a wani wuri dabam. In aka kwashi aikinku, ku kai ƙara tun da wuri, kada yawan masu kallo ya ruɗe ku. Kuma in kuna son mutum, ku faɗa da baki. Har yau fasinjoji kan nuna mini bidiyon nan suna yaba mai shi. Nakan ce lallai ya iya, in sa ɗan yatsa a kan tambarin. Tuntun yana ƙarƙashi, ni kaɗai na sani.