Naman Sunan da Baiwa Ta Raba

To ai ke ma kin san Baiwa, in dai kin taɓa sayen waina a tashar Matamaye. Wannan baƙar doguwar mai faɗa da 'yan kamasho. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, mijin ya rasu, tanda ta riƙe ta da 'ya'yanta. Abin da ba ki sani ba, yayanta Mussa Kirista ne. Tun yana yaro ya tafi Maraɗi koyon gyaran mota, maigidan da ya riƙe shi ɗan coci ne, shi ke nan. Baiwa ba ta taɓa gaya wa kowa a unguwa ba.

Duk Nowel, wato Kirsimeti, sai ta kife tanda ta hau motar Maraɗi. In an tambaya ta ce gaisuwa za ta. A can kuwa sarauniya ce. Mussa limamin unguwarsu yake kira ya yanka akuyar bikin, don ƙanwarsa ta ci hankali kwance. Matarsa Salamatu ita ke shimfiɗa mata tabarmar salla, har buta ta saya mata. Salamatu ta daɗe a gidan, gashinta ya fara fari, Allah bai ba ta haihuwa ba ko ɓari.

Bara da Baiwa za ta dawo, Salamatu ta cika mata kwano da soyayyen nama.

"Ki raba wa maƙwabta. Ki gaya musu Malam ne ya yanka."

Baiwa ta raba. Amma da Hajiya Najaha, mai gidan da take haya, ta cika baki tana tauna ta ce, "Wannan naman me, 'yar nan?" sai ta kasa cewa na Nowel ne.

"Suna aka yi, Hajiya."

"Wa ta haihu?"

"Matar yayana."

"Amma ke Baiwa ba ki da kirki. Haihuwa guda ki rufe baki kamar kin yi sata?"

Kafin la'asar matan gidan sun haɗa barka. Sabulu, hoda, 'yan riguna, har da hular sanyi mai kunnen zomo. Baiwa tana karɓa tana godiya. Hajiya kuma ta ce a kira mai jego ta yi mata barka da bakinta. Baiwa ta ce wayar ba caji. Hajiya ta fizge ta duba, ga ta cike, dole Baiwa ta kira.

Salamatu ta ɗauka.

"Barka da arziki, mai jego. Ni ce Hajiyar Baiwa. Mun ci naman suna. Me aka samu?"

Baiwa tana jin kazar gidan Mussa tana kuka ta cikin wayar, har ta ga tsakar gidan a idonta.

"Mace ce," in ji Salamatu a hankali. "Mun gode, Hajiya. Allah ya bar zumunci."

Da aka miƙa wa Baiwa wayar, abin da ta ji kawai shi ne, "Kin isa lafiya? To madalla." Salamatu ta kashe.

Daga ranar ba su sake magana ba. Ba faɗa, ba zagi, da ma zagin ta yi da ya fi sauƙi. Kayan barkar suna ƙarƙashin gadon Baiwa, ba ta iya aikawa, ba ta iya sayarwa. Hajiya kuwa duk ta gan ta sai ta ce, "Yaya 'yarmu ta Maraɗi, ta fara rarrafe?" Baiwa ta ce ta fara, ta koma ta ƙona waina.

Shekaran jiya Mussa ya kira. Muryarsa sak yadda take, ba ta gane ko matar ta gaya masa ba.

"Ƙanwata, na sayi akuya. Yaushe za ki taso?"

Hajiya ta ji, ta ce a wannan karon a taho mata da hoton yarinya.

Ke da ke ce, za ki hau motar?