Minti ashirin da Yaya Umaru ya ƙi fita fili

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Umaru, wanda mutanen Kalgo suka fi sani da Ɗan Italiya. Manomin shinkafa ne, kuma mai tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Bai taɓa wuce Sakkwato ba, amma ya san tarihin ƙwallon Italiya kamar a can aka yanke masa cibiya.

Kofin duniya huɗu da suka ɗauka ba su ne abin alfaharinsa ba. Abin da yake maimaitawa shi ne yadda suka ɗauki na ƙarshe: ƙwallo biyu kawai ta shiga ragarsu a duk gasar, ɗaya ɗan wasansu ne ya ci gida, ɗaya kuma fenariti. A shekarar, kyaftin ɗinsu, mai tsaron baya, shi aka ba kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya. Umaru yakan ce tsaron baya kamar jingar fadama yake, in ta ɓalle wuri guda an rasa gonar duka. Don haka a wurinsa mai tsaron baya ba ya fita fili sai an ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce yau. Tun bayan rasuwarsa an yi gasar kofin duniya fiye da ɗaya ba Italiya a ciki. Masu tsaron bayan yanzu sun fi son raba ƙwallo da kore ta, kuma ana taɓa ɗan wasa sai ya kwanta a kira likita. Ina jin zai yi tsaki. Ni kuwa, in zan faɗi gaskiya, ba na ganin laifin mai kwanciya.

A Gwandu abin ya faru, wasan sada zumunci da samarin Masama, bayan la'asar. Muna gaba da ci ɗaya. Ana saura minti ashirin, gwiwar wani ta sami Umaru a ciki, gefen hagu. Ba da gangan ba ne, na gani da idona. Koci ya yi masa alama ya fito, Umaru ya kaɗa hannu alamar a'a. Ya ƙarasa wasan a duƙe, ba a ci mu ba.

Washegari da hantsi na tarar Inna tana gasa masa wurin da tsumma da ruwan zafi, kamar yadda ake yi wa targaɗe. Leɓensa ya yi fari. Ta dube ni, domin ni kaɗai ne a gidan na gama jami'a.

"Kai ka yi boko. Mi ka gani? A kai shi Birni?"

Umaru ya yi dariya da ƙyar. "Inna, ƙyale malam. Tsoron inuwa tai yake. Lahiya lau nike."

Ba likitanci na karanta ba, wannan gaskiya ne. Amma na taɓa karanta cewa duka a gefen hagu kan fasa saifa, jini ya riƙa zuba a ciki ba a gani. Maganar ta zo mini har baki. Sai na yi tunanin wataƙila ina zuzutawa, wataƙila a kwashe shi har Birnin Kebbi a ce ba komai, ya samu abin tsokanata. Na ce mu duba zuwa gobe.

Da goben ta zo, mun kai shi asibiti. Likita ya ce saifar ce. Bai kai azahar ba.

Na san kwana ba ya wuce lokacinsa, kuma na yi imani da haka. Sai dai imanin bai taɓa goge mini abin da na sani ranar na haɗiye ba.

Me ya rage na Umaru? Gonarsa tana hannuna. Ƙungiyar tana nan, har yanzu ba ta da daɗin zura wa ƙwallo. Suna da doka guda: duk wanda aka buga a ciki, fita zai yi ko yana so ko ba ya so. Dokar Umaru suke kiranta, doka ce da shi da kansa ba zai bi ba.

Inna kuwa har yau tana gaya wa masu zuwa gaishe ta cewa ko ɗanta mai ilimi bai ga alamar komai ba, don haka hankalinta a kwance yake. Sau da yawa na zauna gabanta da niyyar gyara wannan magana, sai in ɓige da tambayar lafiyar ƙafarta. Yau na faɗa, amma a jarida. Inna ba ta karanta boko, kuma ina jin shi ya sa na zaɓi nan.

Allah Ya jiƙan Umaru, Ya yafe mini.